Yadda Na Ba da Turmina Don Tsoron Lantarki

Bayan rasuwar maigidana idona ya fara dushewa. Na ɗauka kuka ne ya cinye shi, don har yau in na tuna shi sai hawaye. Da abin ya kai ba na iya tsince tsakuwa a shinkafa, ɗiyata da ke aure a Birnin Kebbi ta ce ta ji ana maganin ido da lantarki, za ta kai ni asibiti.

Ni kuwa lantarkin da na sani shi ne wanda ya kashe akuyarmu a gindin turken wuta. Ban faɗa mata ba, amma na bi gidajen Gulma ina neman gafara. Turmina ma na ba maƙwabciyata.

Likita ya haska idona ya ce, "Inna, wancan magani ba irin wutar gida ba ce. Kaɗan ake sawa a fatar ido don masu ciwon can ciki, kuma har yanzu gwada shi ake yi. Ke yanar ido ce ke gare ki, cire ta za mu yi."

Na ce, "Ɗana, babu wuta ke nan?"

Ya ce, "Ko ta ashana."

Da aka kwance mini bandeji na koma gida, na ga hular maigidana rataye a ƙusa, na yi kukana. Sannan na leƙa ta katanga na ce wa maƙwabciya, "Ban mutu ba, maido mini turmina."