Na'Allah Mai Neman Gaskiya

Na'Allah direba ne, mutumin Gumel, dogo, mara yawan magana. Ya shigo Yawunde da tsohuwar motarsa mai bodin katako, ƙirar Ingila, buhunan albasa a baya, matarsa Tasalla a gaba. Damina ɗaya ya yi mata alkawari: a sayar, a sari goro, a koma gida ta ga tsohuwarta.

A hawan ƙarshe kafin unguwar Birketeri motar ta fara tari, da ya ɗaga ƙafa sai ta mutu. Ya sake tayar da ita, ya kasa kunne, ya ji wani siririn fito a gefen inji, kamar na tsoho mai giɓi. Ya san ciwon. Gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da bututun da ke kai masa iska da fetur ne ya cinye, inji na shaƙar iska ta inda bai kamata ba. Aka tura ta ta lungu, madubi na gogar bango, har tsakar gidan Alhaji Mohaman Bello, haifaffen unguwar, wanda ya ba su ɗaki.

Na'Allah ba ya jin Faransanci, don haka Alhaji ya raka shi Mokolo wurin masu kayan mota.

"Me zan ce musu kana nema?"

"Gaskit."

"Gaskiya? A kasuwar Mokolo? Direba, da ka faɗa mun taho da guzuri."

"To, ce musu takardarsa, ni zan yanka."

Alhaji ya fassara takarda yadda ya san ta, aka nuna musu kantin littattafai. Masu kayan mota kuwa da sun ji ƙirar Ingila sai su girgiza kai. Tun daga ranar unguwa ta raɗa masa suna Mai Neman Gaskiya.

Ya aika wasiƙa Kano a turo masa gaskit, sai yaƙi ya ɓarke a Najeriya, hanya ta rufe. Ya yanka kwali, fetur ya jiƙa shi. Ya gwada fatar akuya, zafi ya motse ta. Ya kafa tukubar tsire a bakin titi, wai kafin kaya su iso. Damina uku ta zuba a kan motar. Jar ƙasa ta haɗiye rabin tayoyi, kaji suka yi ƙwai a kujerar direba, Tasalla ta ɗaura igiyar shanya a jikin madubi. Tun tana tambaya har ta daina.

Bayan yaƙi ya lafa, wani bakanike daga unguwar Nkomkana, Gwadabe, ya tsaya cin tsire, ya ji laƙabin, ya tambayi tushensa. Da aka ba shi labari sai ya ajiye tsinke.

"Malam, juwan kake nufi. Haka ake kiransa a nan. Mita-mita ake sayar da takardarsa, tana nan rataye bayan kan mai kanti."

Na'Allah ya tuna da ita, toka-toka, a naɗe. Ya sha ganinta, ya zaci tabarma ce.

Washegari da hantsi ya kwance kafireta, ya cire notuna shida na bututun, Tasalla na tara su a kwanon sha. Ya kankare fuskar ƙarfen da wuƙar tsire har ta yi sheƙi, ya shafa giris, ya ɗora takardar, ya dinga bubbugawa da ƙaramar guduma, a hankali, har kaifin ƙarfen ya yanka ta daidai da kansa, rami-rami. Ya mayar da bututun, ya ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, yana bismilla a kan kowane noti. Gwadabe ya kawo batir, aka ba tayoyi iska. A juyi na huɗu na handul, ƙarfen tayar da mota, inji ya kama. Na'Allah ya ɗaga ƙafa, bai mutu ba. Babu fito.

Tasalla ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin kayanta. Ashe tuni yana ɗaure.

Sai da ya juya sitiyari ya dubi lungun da idon direba. Bara Alhaji ya fitar da ɗaki a nan don ɗansa da ya yi aure, Na'Allah da kansa ya yi dakon bulon. Ya sauko, ya kwance igiyar shanya, ya auna faɗin mota, ya auna lungu. Motar ta fi lungun faɗi da kamu ɗaya. Ya sake aunawa. A cikin ɗakin jariri na kuka.

Alhaji ya zo ya tsaya bayansa.

"Wallahi, Direba, na manta tana tafiya."

"Ni ma haka, Alhaji."

Na'Allah bai iya cewa a rushe ɗakin ba. Mutumin da ya ba ka inuwa shekara uku, da wane baki?

Tasalla ce ta yi magana, idonta a ƙasa.

"Malam, akwai motar goro ranar Litinin."

Ya sa ta a ciki, ya ce zai biyo baya. Shi dai ba zai shiga Gumel a bayan motar wani ba.

Ya tsufa a Birketeri. Kullum bayan asuba, kafin ya hura wutar tukuba, sai ya kori kaji, ya juya handul, ya zauna ya kama sitiyari, fuskarsa na kallon bango. Maƙwabta sun shaida ba su taɓa jin inji mai daɗin murya kamarsa ba.