Ƙafar hagu daban, ta dama daban

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, aka bar mu da wata tsohuwar akori-kura a ƙofar gida a Gumel. Wallahi ta girme ni. Da ita Baba ya ƙare rayuwarsa yana kwaso gero da riɗi daga ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa. Da aka zo rabon gado, yayana ya ce a sayar da ita kowa ya huta. Ni kuwa na kafe, na ce motar da Baba yake ji da ita ba za ta bar gidan nan ba. Yaya ba mai son hayaniya ba ne. Ya ce in ta tashi ta kwaso amfanin gonarmu na kakar nan, a sa min ita a rabona, in kuma ba ta tashi ba, kada in sake ɗago zancen.

Inji lafiyarsa lau, birki ne babu. Baba a rairayi ya saba tuƙi, inda kana ɗage ƙafa daga totur mota za ta tsaya da kanta. Ni kuma dole in bi kwalta, ga 'yan adaidaita-sahu ko'ina. Abokina bakanike ya kwance ƙafar baya ta hagu, ya ciro lainin birki, wato ƙarafan nan biyu masu lanƙwasa da ke matse ƙafar daga ciki in an taka. Sun cinye ƙarƙaf. Ya ce kada in ɓata bakina wajen faɗin sunan mota ko shekararta, in tafi da tsohon a hannu, samfur shi ne magana.

Na zaga shagunan Gumel, kowa ya juya ƙarfen ya girgiza kai. Sai Kano. A can wani dattijo ya tono min irinsa sak, sabo fil, na hagu da na dama a kwali ɗaya. Na dawo ina hura hanci, har na tsaya na nuna wa Yaya kwalin. Na hagu ya zauna daram. Da abokina ya buɗe ƙafar dama, sai na ga ya ajiye sifana ya zauna a kan taya.

Ya ce, "Allah ya jiƙan Baba, amma ba mota ɗaya ya bar muku ba."

Ashe an taɓa canza ɓangaren dama gaba ɗaya da na wata motar, ya fi na hagu faɗi, kuma ba wanda ya san ko wacce ce. Na sake ɗaukar samfur na koma Kano. Dattijon ya jujjuya ya ce wannan bai taɓa sayar da irinsa ba, ya fi kama da na motocin da ke shigowa ta Nijar, in gwada Maigatari.

Nan fa na zama ɗan kasuwar Alhamis ta Maigatari ba tare da ina sayar da komai ba. Mutane na cinikin raguna da raƙuma, ni ina yawo da baƙin ƙarfe a buhu. Wani mutumin Dungas ta Nijar ya ce ya gane shi, in dawo wani mako. Na dawo, ya kawo wanda bai kai ba. Na sake dawowa, bai zo ba. Rigunana duk sun yi baƙin mai, matata ta daina tambaya, sai dai ta miƙo min sabulu. Gero kuwa an riga an yanke, dammuna na jibge a gona, maƙwabta suna ta kwashe nasu da amalanke. Na gaji, gajiyar da har sallah nake yi ina tunanin birki.

Daga ƙarshe mutumin ya kawo wani na hannu, ya ɗan ci amma ya zauna. Muka ɗaura, na taka, mota ta tsaya cak. Na kwaso geron nan kaf, sawu bayan sawu. Yaya ya leƙo ya ce to madalla, ta zama tawa.

Da la'asar na shiga ɗakin mahaifiyata ina murza hannu da kalanzir, na ce da Baba na nan da ya ji daɗi.

Ta ce, "Auta, mahaifinku ya gaji da motar nan tun kana makaranta. Sau nawa ya kawo masu saye har ƙofar gida, sai ya fasa, ya ce kai kana sonta, ba zai iya ganin ranka ya ɓaci ba."

Ni ban taɓa son motar nan ba. Tun ina yaro nake wanke ta ina yabonta don ina ganin Baba ne yake sonta. Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya min ba tun farko, ta ce ta ga na riga na rantse a gaban 'yan'uwana, kuma ban tambaye ta ba.

Har yau ina tuna maganar nan. Mutum biyu a gida ɗaya, kowa na ɗauke da kaya don ɗan'uwansa, kara ta hana ɗaya ya buɗe baki. Shi ya sa kwanaki na kira babban ɗana na gaya masa ƙiri-ƙiri cewa motar nan ni ba na sonta, ranar da na kwanta dama su rabu da ita.

Ya ce, "To Baba, me ya hana ka sayar yanzu?"

Har yanzu dai ban sayar ba. Tana nan ƙofar gida, birkin dama ya fara ƙara kuma.