Mai Lasifika da Taubashinsa

A masaƙar da na yi aiki, ba wanda bai san Mai Lasifika ba. Makaniken injin zare ne, gajere mai kaurin wuya. Idan ƙungiyar ma'aikata za ta yi taro, shi ke hawa kan tsohon duro a bakin ƙofa ya yi shela, muryarsa ta danne rugugin injuna.

Taubashinsa Dogo a ɗakin rini yake, kullum hannuwansa shuɗaye. Shi ke haɗa 'yar jaridar ƙungiya, wadda Mai Lasifika ke cewa ba ta da amfani sai fifita.

Ana nan sai ƙungiyar 'yan jaridun ƙwadago ta zo neman wanda za ta horar. Suka ga jaridar, suka ɗauki Dogo. Ya dawo da katin shaida a wuya, da rikoda, da filin rediyo duk mako.

Ran nan Mai Lasifika ko abinci bai taɓa ba.

"Wai Dogo!" ya ce wa matarsa. "Mutumin da ko sallama ya yi sai an ce, me ka ce?"

"Ai rubutu suka duba, Baban yara, ba maƙogwaro ba."

Dogo da kansa ya same shi a gindin inji. "Ɗan'uwa, ni in rubuta, kai ka karanta. Muryata ba ta rediyo ba ce."

"In zama akunka? Allah ya kiyaye. Waɗanda suka rataya maka kati su ba ka murya."

Aka ba wata mai duba yadi karatun, ta kuwa iya. Duk ranar shirin sai Mai Lasifika ya kunna rediyo, wai kuskurensu zai kama. Ya yi ta tsaki: nan ta yi sauri, nan ta haɗiye kalma. Ranar da ta karanta labarin abokin aikinsa da inji ya cinye wa yatsu, tsakin ya ƙi fitowa. Ya fita tsakar gida, ya daɗe a tsaye.

Sai da ya yi ritaya ya yarda ya shiga ɗakin rediyon a matsayin baƙo, Dogo na yi masa tambayoyi. Ya yi ta zuba, har injiniya ya rage masa sauti. Da suka fito ya dubi Dogo sama da ƙasa.

"Kujerarka ta fi tawa laushi," ya ce. "Kada ka ɗauka ban lura ba."