Hasiya da Tambayoyin Likita

Hasiya 'yar Fagge ce, a Kano. Mahaifinta baduku ne, yana ɗinka jakunkuna da takalma a kasuwar Kurmi, shi ya sa tun tana ƙarama hannunta ya san fata. In ta shafa jaka ta leƙa ɗinkin ciki, za ta gaya maka ko za ta yi ƙarko ko kuwa damina ɗaya za ta ɓare. Boko kuwa ba ta yi nisa ba. Ta gama firamare ta ci gaba da Islamiyya, Turancin da ta fito da shi bai wuce gaisuwa da ƙirge ba.

Mijinta, Alhaji Babayo, mutumin Gombe ne da kasuwanci ya kawo shi Kano, daga Kano kuma ya kai shi Guangzhou. Yana da ɗan ofis a benen Tianxiu, inda yake haɗa wa 'yan kasuwar gida kayansu ya loda a kwantena. Shekara biyu kafin gasar Olamfik da aka yi a ƙasar ya ɗauko Hasiya, suka bar 'yarsu Hikma a hannun kakarta. Ba a jima ba hajiyoyin Kano masu sarin jaka suka gane amfaninta, kowacce ta zo sai ta roƙi Hasiya ta raka ta Shiling, garin masana'antun jaka da ake zuwa a mota. Can babu ruwanta da Turanci. Ta gaida mai shago da ni hao, ta kira shi lawban, wato maigida, ta nuna abin da take so. In ya ce mei yo, ta san babu, ta yi gaba. Duk wata magana mai nauyi, ta takarda ko ta hukuma, Alhaji ne yake yi. Hasiya takan tsaya a bayansa ne kawai tana gyaɗa kai.

Da bazarar shekarar gasar ta shigo, gari ya sauya. Samun biza ya yi wuya, baƙin da suka saba zuwa daga gida suka ragu, shaguna da dama a Tianxiu suka sauke ƙofa. Jami'ai suna zagawa suna duba fasfo da takardar rajistar wurin zama. Kullum sai an ji labarin wani ya tattara ya koma. Hasiya ta riƙa yawo da fasfonta a cikin wata 'yar jaka da ta ɗaura ƙarƙashin hijabi, tana taɓa ta a hanya don ta tabbatar tana nan.

Wata rana Alhaji ya tafi sallar azahar ya bar ta ita kaɗai a ofis, sai jami'ai biyu suka shigo. Ɗaya ya karɓi fasfon cikin ladabi, ya dube ta ya ce, “Do you live here?” Kalmar ƙarshe kawai ta kama. Ta ɗauka yana tambaya ne ko tana nan, to ga ta nan a zaune, sai ta ce yes. Mutumin ya dubi ofishin, ya dubi takardar rajistar da ke ɗauke da adireshin wani gida daban, ya sake tambaya. Ta sake cewa yes. Ya fara kiran wani a waya ke nan Alhaji ya dawo, ya yi musu bayani cewa ba a ofis take kwana ba, zama kawai take yi. Suka yi sallama suka tafi. Alhaji ya yi dariya ya ce ba komai, amma Hasiya ta kasa cin abinci ranar. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, da bakinta ta kusa jawo musu masifa, kuma ba ta ma san me ta amsa ba.

A hawa na sama da su akwai Hajiya Abiba, 'yar zangon Kumasi, mai aika kaya Ghana. Ta girmi Hasiya sosai, kuma ta koyar a firamare kafin ta shiga kasuwanci. Hausarta ta zango ce, wani lokaci takan ce wa mace “kai”, abin da ya riƙa ba Hasiya dariya da farko. Wajenta Hasiya ta je washegari ta ba ta labari.

“Ba laifinki ba ne,” in ji Abiba. “Turanci ya raba abin da mutum ya saba yi da abin da yake yi yanzu. Shi ya tambaye ki inda kike zaune kullum. Da yana nufin yanzu ne, da da are zai fara.”

Kasuwa ta mutu, don haka lokaci ya samu. Bayan la'asar Hasiya takan hau sama, su zauna a kan katan-katan na kayan da ba a loda ba, Abiba tana nuna mata mutane ta taga. Ga mai tura amalanke a ƙasa: is he pushing? Eh, yana turawa yanzu. Does he push every day? Eh, sana'arsa ce. Tambaya ba ta ba Hasiya wahala sosai ba. Korewa ce ta riƙa ɗaure mata kai. A Hausa, in ka ce ba ya ci, ka gama. Wanda ke sauraro zai gane ko ba ya cin abin ne gaba ɗaya, ko yanzu ne ba ya ci. Turanci kuwa sai ka zaɓa: he doesn't eat, ko he isn't eating. Sannan ga wata 'yar s da ke maƙale a bayan eat in ana maganar mutum ɗaya, amma da does ya shigo sai ta ɓace.

“Ina take tafiya, Yaya Abiba?”

“Does ne ya karɓe ta. Ba ki gan ta a jikinsa ba? Ba a sa ta wuri biyu.”

Hasiya takan sauko tana maimaitawa a kan matakala. Wani lokaci ta daidaita, wani lokaci ta haɗa doesn't da eating, Abiba ta girgiza kai su sake daga farko.

Akwai wata damuwar da ba ta gaya wa Abiba ba. Alhaji yana da ciwon suga tun suna Kano, kuma maganinsa daga gida ake kawo masa, don ya ce ba zai sha abin da ba zai iya karanta kwalinsa ba. Duk ɗan kasuwar da zai zo yakan riƙo masa. To yanzu babu mai zuwa. Maganin ya ƙare tun kafin a buɗe gasar. Ta yi masa magana ya je asibiti, ya ce ta bari wannan hayaniyar ta wuce, ai jikinsa lafiya lau. Amma ita tana gani. Yana rama, yana yawan zagawa bayi, robar ruwa ba ta barin hannunsa. Ya ce zafin garin ne, kuma gaskiya ana zafi mai ɗanko a watan Agusta, irin wanda riga ke manne wa mutum a baya. Ta riƙa ƙirga robobin da ya shanye da ido.

Ranar da abin ya faru, talabijin ɗin shagon da ke kusa da su tana nuna tseren gudu, mutane sun taru suna kallo. Alhaji ya ƙi cin abincin rana kamar yadda ya ƙi na jiya, ya kifa kai a kan tebur. Ta kira shi, “Baban Hikma.” Ya ɗago ya yi wata magana da ba ta da kai, ya sake kifawa. Ta kira wayar Abiba ba ta shiga, maƙwabta suka ce ta tafi tashar jiragen ruwa tun safe. Wani mai shago ɗan Nijar, Harouna, ya taimaka aka sauko da shi aka sa a tasi, ya faɗa wa direba asibiti da ɗan Sinancin da ya iya. Harouna dai Faransanci yake ji, kuma ba shi da wanda zai bar wa shago, don haka daga bakin titi ya juya.

A asibiti aka kwantar da Alhaji a kan gado mai taya, ma'aikata suna magana da sauri cikin yarensu. Hasiya ta tsaya a gefe riƙe da takalmansa. Sai wata likita matashiya mai tabarau ta zo gabanta. Daga yadda ta yi jim kafin ta buɗe baki, Hasiya ta gane ita ma Turancin ba nata ba ne, lalubensa take yi.

“Does he drink?”

Drink, sha. Hasiya ta tuna robobin nan, ta ce yes, ta ƙara da nuna yawa da hannu. Likita ta rubuta wani abu, ta ɗago, ta yi alamar kai kwalba baki ta ce, “Beer?”

Sai a nan Hasiya ta farga. Ta gane da does aka tambaye ta, halinsa ake nema, kuma ta mai da mijinta mashayi a gaban mutane. Ta girgiza kai da ƙarfi. Kalmomin suka taru a bakinta suka cakuɗe. Ta rufe ido ta jera su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take yi a kan matakala.

“No. He doesn't drink beer. He is drinking water. Water, water.”

Likita ta soke abin da ta rubuta. Ta ce wa wata ma'aikaciya wani abu, waccan ta kama yatsan Alhaji ta soka masa 'yar allura don auna jini.

“Does he take medicine?”

Nan Hasiya ta tsaya. In ta ce eh, gaskiya ne, shekara da shekaru yana sha. In ta ce a'a, shi ma gaskiya ne. Ba ta san wace amsa za ta cuce shi ba. Likita tana jira, alƙalami a hannu.

“He takes,” ta ce, ta taɓa ƙirjinta tana neman sunan ciwon, “sugar.” Sannan ta ɗaga hannu don kada a rubuta tukuna. “Now, he isn't taking. Finish. Mei yo.”

Likita ta maimaita a hankali don ta tabbatar, tana nuna baya da yatsa sannan ta nuna ƙasa: yakan sha, amma yanzu ba ya sha. Hasiya ta gyaɗa kai. Aka tambaye ta ko yana cin abinci, ta ce he isn't eating. Aka tambaye ta taba, ta ce he doesn't smoking, ta ji ta yi kuskure, amma likita ta gane. Aka tura gadon ciki, ƙofa ta rufe.

Ta zauna a kan kujerar roba a baranda, takalman har yanzu suna cinyarta. Tana ta juya amsoshin a ranta, ko akwai wadda ta faɗa a baibai, ko akwai abin da ya kamata ta faɗa ba ta da kalmarsa. La'asar ta yi, ba ta san inda alƙibla take ba, ba ta kuma iya tambaya ba. Can Abiba ta iso tana haki bayan Harouna ya gaya mata, ta shiga ta yi magana da likitar, ta fito ta ce sugan ne ya hau sosai, an sa masa ruwa da magani, kuma an ce an kawo shi a kan lokaci. Sai a lokacin Hasiya ta ajiye takalman a ƙasa.

Alhaji ya yi kwanaki a asibiti. Ya fito da kwalayen magani masu rubutun Sinanci, bai ƙara cewa ba zai sha ba. Likita ta hana shi azumin watan da ya biyo baya, ya yi ta ƙorafi amma ya bi. Bayan ƙaramar Sallah bizarsu ta ƙare, ba a sabunta ba, suka miƙa ofishin ga wani ɗan uwansa suka koma Kano.

Jikin Alhaji bai ƙara ɗaukar doguwar tafiya ba, ya buɗe shago a Kantin Kwari. Da aka sassauta biza a shekarar da ta biyo, hajiyoyin jaka suka zo har gida suna roƙon Hasiya ta koma ta riƙa zaɓo musu kaya. Ta yi mako tana jan magana, tsoro na hana ta barci. Daga ƙarshe Alhaji ne ya ce ta je. Ta tafi ita kaɗai, ta sauka wajen Abiba, ta yi wata guda tsakanin Xiaobei, unguwar da benen Tianxiu yake, da Shiling, ta dawo da kwantena rabi. Tun daga nan takan je sau biyu a shekara, lokacin baje kolin Pazhou, kuma duk tafiya sai ta bar wa Hikma, wadda ta zama budurwa, amanar lura da abincin babanta.