Wa Zai Ba Malam Barau Izini?

Malam Barau na Toranke ya shekara ashirin da bakwai yana koyar da 'yan aji biyu, kuma bai taɓa ɗaukar karatu daga bakin wanda bai gani da idonsa ba. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa ya hore shi a kan cewa ilimi yana da mai shi: ka je, ka tuɓe takalmi, ka gaida mutum, ka nemi izini, sannan ka ɗauka. Da wannan tarbiyya ya fara aikin firamare, da ita ya yi furfura.

Bana dai al'amura suka cuɗe masa. Yara sittin da uku a aji, masu iya haɗa baƙi da wasali ba su kai goma ba. Hedimasta Mu'az ya kira shi ofis, ya yi ta kewaye-kewaye don nauyin shekarunsa, daga ƙarshe ya fito fili. In zangon nan ya ƙare yaran ba su karanta ba, za a ba wani ajin, shi kuma ya koma kula da sito. Sito! Wato ya zauna da tsintsiya da karyayyun kujeru har ya yi ritaya. Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai.

"Na sa ka a guruf ɗin malamai na Wasap, Malam," in ji Mu'az. "Ana ƙaruwa sosai a ciki."

Ƙaruwar farko da ya samu ita ce ruɗewa. Mutum ɗari biyu da 'yan kai ne a ciki, sai ya fara gaishe su ɗai-ɗai da sunayensu, kamar yadda ya kamata. Ya kai na goma sha bakwai, wani ya turo masa hoton babban yatsa. Ya nuna wa matarsa Kulu, ta ce ita dai ba ta ga alamar zagi ba. Wani ya jefo tambaya ba sallama, wata ta amsa masa daga Gaya ba tare da ta tambayi iyalinsa ba. Malam Barau ya rasa wane ne malami a nan, wane ne ɗalibi.

Ana haka sai ga wani bidiyo. Hannuwan mace kawai ake gani, tana raba wa yara murafun kwalba, kowane murfi da gaɓar kalma ɗaya a kai. Yara suka watse cikin aji, kowa na neman wanda murfinsa zai cika masa kalma. Sau shida ya kalla. Wani abu ya riƙa sosa masa zuciya kamar mafarkin da aka manta. Ya tabbata dabarar za ta yi wa ajinsa, amma ta yaya zai ɗauki abin mutane babu izini?

Ya rubuta: "Don Allah wane ne mai wannan karatun?" Malam Bala na Gafasa, wanda ya saka bidiyon, ya amsa: "Ni ma turo mini aka yi."

Ranar Asabar Malam Barau ya hau babur sai Gafasa. Ya iske Bala a gona yana yankan dawa.

"Haba Malam, ai da ka kira ni a waya."

"A waya ake neman izini?"

Bala ya haɗiye dariyarsa, ya tura shi Gaya wurin Malama Zuhra. Ita ma ta ce a wani guruf ta tsinto shi, amma ta san muryar, ta Malama Asama'u ce ta Kademi. Malam Barau ya girgiza kai. Karatu ya ratsa hannu uku, babu wanda ya ce wa wani a yi mini izini.

La'asar sakaliya ya yi sallama a Kademi. Matar da ta leƙo zaure tana ganinsa ta durƙusa.

"Malam Barau! Asama'u ce, 'yar gidan Garzali mai gyaran keke. A ajinka na koyi karatu."

Bai gane ta ba, ya ji kunya. Ya gaya mata abin da ke tafe da shi. Ta yi sororo tana dubansa.

"Malam, izinin me? Ai naka ne. Ka manta sakainar da kake rubuta mana da gawayi? Ni murafu kawai na mayar da ita."

Nan take ya tuna. Fasassun ƙorai, yara na guje-guje, da wani mai duba makarantu da ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wannan aji ne ko kasuwa?" A ranar ya kwashe sakainar ya zuba a bola. Tun daga nan yake tsaye gaban allo yana faɗa yara na maimaitawa, shekara ashirin ke nan.

"To yanzu wurin wa zan nemi izinin?" ya tambaya, kuma da gaske yake. Asama'u ta fara dariya, da ta ga idonsa ya kawo ruwa sai ta daina.

Ranar Litinin ya shiga aji da buhun sakainar da Kulu ta tattaro masa a maƙwabta. Hayaniya ta kaure har ta taso Mu'az daga ofis. Malam Barau ya hango shi a taga, ya tuna da mai duba makarantun nan. Amma Mu'az ya tsaya yana kallon wata yarinya da ba a taɓa jin muryarta ba, ta jawo ƙawarta, sun haɗa sakainarsu suna karantawa da ƙarfi. Sai ya zaro waya.

"Malam, ajinka naka ne. Ka ba ni izini in tura wannan a guruf?"

Malam Barau ya daɗe yana kallon gawayin da ke hannunsa.

"Tura," ya ce. "Amma ka sa sunan Asama'u. Ni zubarwa na yi, ita ta tsince."