Malama, Na Auna Masararki

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina wanke saiwar masara a ɗakin gwaji, ƙaninki ya buga mini waya ya ce Allah Ya karɓi abarSa. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma. Na daɗe tsaye a gaban famfo, ban iya rufe shi ba.

Shekara ashirin da biyu ina mataimakinki, Malama. Ranar da na fara aiki, kika zaunar da ni gaban madubin likita, kika nuna mini wata fumfuna siririya kamar zare, manne a jikin saiwa. Kika ce tana janyo wa shuka ruwa da abinci daga inda saiwa ba ta kaiwa, ita kuma shukar tana ciyar da ita. Na ce, "Malama, fumfuna fa kika ce?" Kika yi dariya kika ce, "To ita ma akwai ta kirki a cikin danginsu."

Ba zan manta da dattijon nan da gonarsa ta gaji ba, wanda har ya yanke shawarar barin noma. Kika ɗebi ƙasar da kika raini fumfunar a ciki, kika durƙusa kina zubawa rami-rami da hannunki, maƙwabtansa suna kallo suna ƙus-ƙus. Damina biyu kina zuwa. A ta uku ya zo ofis da zangarniyar gonarsa a hannu, ya miƙa miki.

Lokacin da matata ta kwanta jinya, wata huɗu kina wanke saiwa da kanki. Ba ki taɓa ambata mini ba.

Yanzu ni kaɗai ne a ɗakin. Tukwane arba'in na gwajinki na ƙarshe suna nan, ina ba su ruwa kowace safiya. Jiya na auna su. Waɗanda muka sa wa fumfunar sun fi sauran tsawo da taƙi guda, kamar yadda kika zata. Na juyo in gaya miki, sai na ga kujerarki babu kowa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa kowace gona da kika farfaɗo ta zame miki sadaka mai gudana. Ga mahaifiyarki, da ƙannenki, da 'ya'yanki biyu, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni ma ku sa ni a addu'a.