Ita a Motarta, Mu a Bas

Ni na tarbo ta ranar da ta sauka Riyad. A lokacin na daɗe a kamfanin, wanda aikinsa tura ma'aikatan jinya gidajen mutane su duba tsofaffi da waɗanda aka sallamo daga asibiti. Da yake ni kaɗai ce Bahaushiya a sashenmu, sai mudira, wato shugabarmu, ta ce in bi direba filin jirgi in taho da 'yar ƙasarmu. Na same ta zaune a kan akwatinta, siririyar yarinya 'yar Kaduna, sa'ar ƙanwata. Tun a hanya ta fara ce mini Yaya, kuma har yau haka take kirana.

Ɗaki ɗaya aka ba mu a gidan ma'aikata da ke unguwar Ulaisha. Ni na kai ta kasuwar Batha ta sayi abaya da layin waya, na nuna mata shagon da ake samun kuka da daddawa, na koya mata ɗan Larabcin da ake lallaɓa tsohuwa da shi ta miƙo hannu a yi mata allura. Duk abin da ta sani na garin nan a watanninta na farko daga bakina ta ji shi.

Da bas ɗin kamfani muke fita aiki. Direbanmu wani dattijo ne ɗan Maradi, mai haƙuri, amma bas ɗaya ce ga mu da yawa. Zai sauke wannan a unguwar Al-Oud, ya wuce da waccan can arewacin gari, sannan ya zagayo. Aikin da ba ya cin lokaci sai ka gama shi ka zauna jira. Na sha zama a dakalin gidan mutane da jakar magani a cinya, zafi yana dukan fuskata, ina kunyar in sake buga ƙofa in ce a bar ni in sha esi.

Abokiyar ɗakina ba ta cika shekara ba ta sayi mota. Ashe tun tana budurwa take jan motar babanta, da lasisinta ta zo, nan ma ba ta sha wahala ba aka ba ta na ƙasar. Wata 'yar ƙaramar mota ce ta hannu, ruwan toka, da ɗan lotsawa a ƙofar baya. Na taya ta murna, na zuba mata turare a kujeru. A zatona motar zuwa kasuwa ce da gaishe da 'yan uwa ran Juma'a.

Muna cin tuwo da yamma ta yi mini bayanin abin da ta je ta tattauna da mudira. Ta ce ƙa'idar ƙwadago a nan ita ce mai aiki ya ba ma'aikacinsa abin hawa, ko ya ba shi kuɗin sufuri a madadinsa. Mu da ke shiga bas an ba mu abin hawa, magana ta ƙare. Ita kuwa tunda ta bar bas, za a riƙa sa mata alawus ɗin a albashi. Bayan wannan kuma, da yake da motarta za ta riƙa zagaya gidajen marasa lafiya, kamfani zai biya ta gwargwadon tafiyar da ta yi, saboda fetur da cin taya da sauransu. Tana faɗa tana gutsurar tuwo, ko ɗago kai ba ta yi. Na ce mata Allah ya sa albarka. Tuwon nan ban ƙarasa shi ba.

Shekarata nawa a kamfanin ban taɓa jin wannan magana ba, don ban taɓa samun dalilin tambaya ba. Ga yarinyar da ni na nuna wa inda ake canjin kuɗi tana karanta mini dokar ƙasa.

Daga nan zamanmu ya sake. In na tashi da sassafe ina gaggawar kada bas ta bar ni, ita tana kwance tana duba waya. In na dawo gab da magariba, ƙafafu a kumbure, in tarar ta yi wanka ta yi la'asar tun ɗazu, har ta ɗora girki. Ƙarar makullinta a kan tebur ma ta zame mini abin jin haushi. Ba ta taɓa yi mini gori ba, wannan kam zan faɗa ko a gaban wa. Sau da yawa takan ce in zo ta rage mini hanya, in ce mata hanyarmu ba ɗaya ba ce, ko da kuwa ɗaya ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar wata tsohuwa a Al-Oud. Ciwon suga ya ci mata ƙafa, ni nake wanke mata gyambon tun yana wari har ya fara haɗewa. Takan sa a kawo mini gahawa da dabino, ta riƙe hannuna tana ba ni labarin unguwar tun gidajen ƙasa ne. Sai 'ya'yanta suka nemi a riƙa zuwa da wuri, kafin ta karya. Bas ba za ta iya ba. Mudira ta kira ni ofis a unguwar Ulaya ta ce an mayar da gidan hannun mai mota, ba don na yi wani laifi ba. Bayan kwana kaɗan abokiyar ɗakina ta shigo da ledar dabino tana ƙamshin turaren gidan, ta ce tsohuwa tana gaishe ni, ta ce wai ina 'yarta baƙa doguwa. Na ajiye dabinon a saman firij, har ya ƙare ban taɓa ko ɗaya ba.

Na koma wurin mudira da tawa dabarar. Na ce idan na riƙa ɗaukar tasi zuwa gidajen, na kawo shaida, ai ni ma sai a biya ni. Ta saurare ni har na gama, ta ce a'a. Tsarin na mai motar kansa ne, da takardun motar da sunansa, da inshora, don in wani abu ya faru a hanya a san wanda za a tambaya. Ta dafa kafaɗata ta ce da Larabci, in ina so in yi lasisi mana, me ya hana.

Abin da ya hana shi ne ban taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwata. A gidanmu a Kano ko keke ba a bar mace ta hau ba. Amma na fito daga ofishin nan na yi rajista a makarantar koyon tuƙi ta mata, ban gaya wa kowa ba. Ranar hutuna nakan ce zan je gaishe da wata 'yar garinmu. Malamar wata Balarabiya ce mai gajen haƙuri, in na taka birki da ƙarfi sai ta dafe ƙirji ta yi salati. Tafiya gaba na iya ta da wuri. Fakin da baya ne ya gagare ni, a kansa na faɗi jarrabawa, na sake faɗuwa.

Ranar faɗuwa ta biyu na dawo na kwanta na juya wa ɗaki baya. Abokiyar ɗakina ta shigo ta zauna a bakin gadona. Ashe ta sani tuntuni, wata 'yar Filifin da muke aiki tare ta gan ni a can.

"Yaya, ga mota a ƙofar gida kina zuwa kina biyan wata tana yi miki tsawa," in ji ta. "Ran Juma'a da safe gari babu kowa. Mu je in nuna miki."

Na ce mata ba na son in ƙara wa motarta wata lotsawar. Ta yi dariya ta ce wadda ke jiki ma ai ita ta yi ta, ranar da ta sayo ta.

Na bi ta, raina ba ya so. Wani fili muka samu a bayan wata babbar kasuwa da ba a buɗe ba tukuna. Ta jera robobin ruwa a ƙasa, ta tsaya a rana tana yi mini alama da hannu. Ta iya koyarwa, ba ta ɗaga murya, kuma wannan ma ya ba ni haushi. Duk robar da na take sai ta ɗauka ta gyara ta ce in sake. Juma'a bayan Juma'a muna zuwa, har hannuna ya faɗa. A karo na gaba na ci jarrabawar.

Lasisi ya zo, mota ba ta zo ba. Na yi wa maigidana maganar a waya, sai ya tuna mini babbar 'yarmu za ta shiga jami'a, ga rufin gidan da muka fara bai ƙarasu ba. Bai hana ni ba, amma ni ma na san gaskiya ya faɗa. Na sa lasisin a jaka bayan iƙamata, wato katin izinin zama a ƙasar, na ci gaba da shiga bas. Ita kuwa a wannan tsakanin aka ƙara mata gidaje a unguwannin bayan gari inda bas ba ta zuwa, mudira ta fara kiran sunanta a taro tana cewa a yi koyi da ita. Ta aika wa mahaifiyarta firiza, ta nuna mini hoton, na ce ma sha Allah.

Da hutunta na shekara ya zo za ta tafi gida, sai ta ce za ta bar mini motar, don ba a son mota ta daɗe a ajiye. Ta shiga waya ta yi mini izinin hukuma na tuƙa motarta, ta miƙo mini makulli. Washegari na je wa mudira da murnata, na ce to yanzu ga ni ga mota. Ta girgiza kai. Motar ba da sunana take ba, don haka ba abin da za a biya ni, sunana kuma yana nan cikin 'yan bas. In na ga dama in hau, amma fetur daga aljihuna.

Na hau. Watan nan gaba ɗaya da kuɗina na sha mai, kuma ban yi nadama ba. Nakan gama gida in shiga mota in kunna esi in zauna kawai, ba wanda nake jira. Na ɓata hanya a gadojin Ulaya har na gaji da ɓata, wani mai babbar mota ya zage ni, kyamarar hanya ta ci ni tara sau ɗaya. Na gano wani shago da ke sayar da lemon mangwaro mai sanyi, kullum sai na tsaya. Na riƙa dawowa gida rana tana sama. Direbanmu ɗan Maradi ya hange ni a wata danja ya sauke gilashi ya ce, "Hajiya, an guje mu ke nan?" Na ce masa aro ce. Ya ce aro ma ai hawa ne. Har na fara ajiye sallayata da takalmin canji a but, na rataya carbina a madubi.

Ranar da za ta dawo na wanke motar ciki da waje, na cika tanki, na kwashe kayana. Ni na je ɗauko ta. Ta fito ta yi ƙiba, ta yi haske, hannu da lalle, ta rungume ni tana ba ni labarin gida. Muka sa akwatuna a but. Na nufi ƙofar direba ba tare da na yi tunani ba, sai na ga ta riga ni tsayawa a wurin, ta buɗe tafin hannu tana ci gaba da labarinta. Na sa mata makullin, na zagaya ɗaya gefen.

Ta zauna, ƙafafunta suka yi nisa da feda. Ta jawo kujerar gaba, ta gyara madubi.

"Yaya, doguwa ce ke wallahi," ta ce. "Kin ji daɗinta kuwa?"

Na ce ba laifi, sai dai birkin yana ɗan ƙara, ta kai a duba.

Ta tayar da mota muka hau titi. A mahaɗar farko ta ɗauki hanyar da ta fi cunkoso a wannan lokacin. Na san wata da ta fi sauƙi, a watan nan na gano ta. Na buɗe baki zan faɗa, sai na fasa, na jingina kaina da gilashi ina kallon motocin da ke wuce mu.